Matar da Ke Karatu da Fensir

Shekara tara ina aikin dare a wani asibitin Bradford,
ina tara fam kamar mai tsintar gero a rairayi,
har suka isa kafin alƙalamin gida ɗaya,
mai jan bulo, mai hawa biyu, zan zuba 'yan haya.

A Funtuwa da tuni an gama:
dillali, mai unguwa, shaidu biyu, ƙwaryar goro.
Nan kuwa takarda ce ƙasa,
wanda bai iya karanta ta ba iska ya saya.

Lauyan farko ya tarbe ni da haƙora talatin da biyu.
Bai tambayi sunan layin ba.
"Mako uku," in ji shi, "kuma ni ne mafi sauƙin kuɗi."
Na tuna Inna: araha ba ta ado.
Na bar masa shayinsa yana tururi.

Ofishin Misis Ackroyd yana saman shagon soya kifi,
matakala goma sha bakwai, na ƙirga da gwiwata.
Ba ta yi murmushi ba.
Ta faɗi ladanta tun ban zauna ba,
har abin da bai shiga ciki ba ta faɗa.
Na ce, wa kike wa aiki, ni ko mai sayarwa?
Ta ɗago tabarau. "Ke. Shi yana da nasa."

Kwana ashirin tana bin layi da fensir
kamar mai tsefe kan yarinya.
Na ƙosa. Dillali ya kira ni sau shida,
wai wani ya taya, gida zai tashi.

Ranar Laraba, ana yayyafi, ta kira:
ginin ne za ki saya, ƙasar aro ce,
saura shekara sittin da ɗaya,
kuma lungun baya, inda kika so ajiye bola,
na maƙwabci ne tun kafin a haife ki.
Ashe cinikin biri a sama na so yi.

Ban sayi gidan ba.
Na biya ta, hannuna bai yi rawa ba,
na sauko da ƙamshin kifi a mayafina.

Yau akwai wani a Keighley, mai ɗigar rufi kaɗan.
Takardunsa suna jakata.
Ga ni a mataki na tara, ina hutawa,
ina jin ta tana fiƙe fensir.