Gorar Ala-Kul

Jakar babana ta girme ni.
Shekara ashirin da biyu tana hawan dutse a bayansa,
cike da tantin baƙi, da tukunyar gas, da takalman da ba nasa ba.
Yanzu gwiwoyi sun ƙi shi.
Yana zaune a Karakol, gefen murhu, yana ƙirga motoci ta taga.
Ya ce, Bermet, tunda kin nace,
ungo gorar nan, ki ɗebo mini Ala-Kul.

Muka tashi da asuba, ni da Kubanych,
mai tafiya kamar yana bin tudun bashi.
Kogi na ta surutu a hagunmu, fari fat, bai san gajiya ba.
Gadar gungume biyu ce, jiƙaƙƙiya, mai santsi.
Da rarrafe na haye, ban ji kunya ba,
dawaki uku na kallona suna tauna.

Daga nan itatuwa suka fara gajarta
har suka koma ciyawa, ciyawa ta koma tsakuwa,
irin wadda in ka taka uku ta ƙwace ɗaya.
Numfashi ya yi tsada.
Na tsotsi kurut, gishirinsa ya tsaya mini a maƙogwaro,
na tuna gadona, na zagi kaina a hankali.

Dab da la'asar igiyar kafaɗar dama ta tsinke.
Jaka ta zame, cokali ya gangara kwazazzabo yana kuka.
Kubanych bai ce uffan ba, hadari yake kallo.
Na zauna kan dutse mai sanyi ina lalube,
sai ga allura can cikin aljihu,
an soke ta a ƙyalle,
zarenta baƙi, mai kauri, an riga an zura.
Na juya igiyar. Ɗinki kan ɗinki:
na farin zare, na kore, na ja da ya koɗe.
Kowanne wata rana ce da bai taɓa ba mu labarinta ba,
in ya dawo ya ajiye kaya ya ce, lafiya lau, hanya ta yi kyau.
Na ɗora nawa a kai.
Karkatacce ne, amma ya riƙe.

Ƙanƙara ta sauko kamar ana watsa shinkafa,
tana dukan tanti har dare ya raba.
Da takalma muka kwana.

Da safe na zuge zif,
sai ga shi.
Ba ni da sunan wannan launi.
Shuɗi ya yi masa kaɗan, kore kuma ƙarya ne,
kamar an narka sama an ɗiga mata madara.
Gajimare ya gifta, ya sauya.
Iska ta shafe shi, ya sake sauyawa.
Dusar ƙanƙara na zaune kan duwatsu, ƙafafunta a ruwa.
Har Kubanych, da bakinsa kamar an ɗinke, ya cire hula.

Na tsoma gora, yatsuna suka mutu.
Na ɗaga ta: ruwa ne kawai,
garau, kamar na famfon gidanmu.
Na zubar, na matsa inda ya fi duhu, na sake ɗiba.
Haka dai.
Sau huɗu na yi kafin na haƙura.

Kwana biyu muna gangarowa ta Altyn-Arashan,
gorar na kaɗawa a bayana kamar tana yi mini dariya.

Baba ya karɓa, ya ɗaga ta saitin taga,
ya ƙyalƙyale har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, ni ma na gwada, shekarar da aka haife ki.
Uwarki na ɗebo wa.

Sannan ya jawo jakar,
ya bi igiyar da babban yatsa,
fari, kore, ja,
ya tsaya a kan baƙin.
Ya daɗe a nan.

Ya ce, juye ruwan a buta, mu sha shayi.