Ɗinkin Dalma

A shagon Bogumila, bayan kasuwar Kleparz,
ƙanƙara ta toshe rabin ƙofa.
Ta miƙo min ƙarfe mai zafi ta ce, "Tadzio,
dalma ba ta son turi.
Ja ta sannu, ta biyo ka."

Na naɗe bakin kowane gilashi da zirin tagulla,
na murje shi da ƙashi har ya kwanta,
na shafa mai.
Ɗigon farko ya yi tsaki, ya fantsama.
Man ya yi yawa.

Na tsaya wuri guda ina lallashin wani ƙulli,
sai shuɗin ya ce ƙas,
tsaga ta ratsa fiffiken tsuntsu.

Ba ta yi faɗa ba.
Ta goge kan ƙarfen a jiƙaƙƙen soso,
ta nuna min tabo a babban yatsanta.
"Gilashi ba ya son baƙo mai dogon zama."

Da la'asar muka ɗaga aikin ga taga.
Ɗinkinta sumul kamar sawun dodon koɗi,
nawa duk gargada,
amma jan haske ya zuba a kumatunta
ta gefen da na liƙa.