Jirgin Nomau

Ranar da Nomau ya ji jiki ya ƙi,
ya aiko Ila ya kira ni.
Na tarar da Tanko Mai Koma a bakin tabarma,
ɗakin duk warin man zafi.
Ya ce, "Ku biyu nake so ku ji,
kunne ɗaya ba ya riƙe magana.
Babban jirgina, har da injinsa,
na bar wa yaron nan, ɗan Zubairu.
Ubansa ya riga ni kwanciya,
in an zo rabo, ba za a kira sunansa ba."

Muka ce mun ji. Ba wanda ya nemi biro.
Shekara talatin muna ciniki a bakin Kwara,
albasa, bandar kifi, buhunan shinkafa,
ban taɓa ganin ya sa hannu a takarda ba.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai.
Kafin ta arba'in, zazzaɓin damina ya ɗauke Tanko.
Shaidu biyu suka koma ɗaya,
ɗayan ma tsoho mai tari
wanda asuba ba ta cika samunsa da ƙarfi ba.

Ran rabo Hashimu ya taso daga Kontagora da awo,
Ɗahiru na danna lissafi a waya.
Aka ja igiya a fadama,
aka fitar wa Inna Dije tumuninta,
Kuluwa na bayan zana aka aika mata da rabin na namiji.
Awaki tara, keke, buta, rigar sallar Nomau,
har fitilar da ya karanta Yasin da ita an yi mata kuɗi.
Ila na tsaye jikin rumbu yana kallo,
ko allura ba ta faɗo gefensa ba.

Na gyara murya na ce akwai wasiyya.
Hashimu ya yi dariyar da ba ta kai ido ba:
"Baba, ina takarda?
Ko Tanko za mu tono ya maimaita?"
Ni da na goya shi a wuya ranar kasuwar Yauri,
ya yi mini fitsari a hula ban ce komai ba.

Alƙali a Yelwa ya saurare mu har azahar.
Ya ce shaida guda sai an cike ta da rantsuwa,
mai rantsuwar kuwa shekararsa goma.
A ɗaure jirgi, a jira yaro ya balaga.
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Amana ce a hannunka, malam.
Ba haya, ba aro, ba sayarwa."
Na karɓa, ban san nauyin katako a tudu ba.

Damina uku ke nan.
Kullum da safe ina kwalfe ruwa da ƙoƙo,
ina cusa auduga inda ya tsage.
Injin na ƙarƙashin gadona cikin buhu,
ran Juma'a nake ɗiga masa mai.
Ɗahiru na sauya hanya in ya hango ni.
Kuluwa kan aiko da fura bayan magariba,
ta ce kada a faɗa wa yayyenta,
ni ma ban faɗa ba.

Ila kan zo in an tashi makaranta,
ya zauna a kujerar kakansa da filafili,
yana tuƙa jirgin da ke ɗaure a turke.
Jiya ya yi mini sallama, muryar ta fashe a tsakiya.
Ya ji kunya. Ni kuwa na juya baya,
na tsaya ina duban ruwa.

Mu uku muke tsere yanzu:
gemun yaro, ruɓar katako, da tarin nan nawa.
Nomau, kana kwance, ka huta da lissafi.
In na iso gabanin yaron ya ɗaga hannu,
ka tambayi Tanko, yana kusa da kai,
ya san ban kwance igiyar ba.