Makullai Bakwai

Sau uku na rubuta takardar nan.
Ta farko da daren Laraba, zuciya na tafasa,
na barbaɗa barkono a kowane layi,
na kira abu da sunansa, mutum da nasa.
Da asuba Lauratu ta hura wuta da ita,
ta kama nan take, ko kananzir ba a nema ba.

Ta biyu ta huce, amma da habaici a gindinta,
irin wanda ake jefawa ta bayan katanga.
Na karanta, na ji kunyar alƙalamina.
Ta uku layi huɗu ce kacal:
na gode, na ajiye, ga ranar tafiya,
Allah ya ƙara wa kamfani albarka.

Shekara tara ina riƙe da siton hanyar Jibiya,
ina ƙirga buhun shinkafa har cikin barci.
Ranar, takarda ta ce ɗari biyu,
mota ta ce ɗari da sittin.
Manaja Sada ya turo mini biro:
"Sa hannu, Gambo, sauran suna tafe."
Na ce, "In sun iso, hannuna bai yi nisa ba."

Daga nan gaisuwa ta koma ɗaga gira.
Aka ɗauke fankar ofishina, wai gyara.
Ana taro, sai dai in ji a bakin direba.
Ni ma ban fita fes ba:
na ɗaga masa murya a gaban leburori,
har yau kalmar tana yi mini ɗaci a maƙogwaro.

Wata guda na bayar, na kuma cika shi.
Ban makara ko sau ɗaya ba,
kada a ce mai tafiya ya bar tsintsiya a tsakar gida.
Na zaunar da Bishir, na nuna masa komai:
ƙofa ta uku sai an tokare ta da gwiwa,
kusurwar gabas tana yoyo in Agusta ta yi nisa,
baƙar kyanwar nan kada a kore ta,
ta fi mu duka aiki, kuma ba ta karɓar albashi.
Littafin lissafi, na ce, rubuta abin da idonka ya gani.
Ban ƙara ba. Ya gane.

Ran Alhamis na yi sallama a ƙofar manaja.
Ya ce in zauna. Na zauna.
Na jera makullai bakwai a kan teburinsa,
na nemi gafarar muryar da na ɗaga.
Ta buhunan ban nema ba, shi ma bai tayar ba.
Ya daɗe yana juya hularsa.
Hannun da ya turo mini biron nan
shi ya kama makarar mahaifina zuwa Ɗanmarna,
da wanne zan tuna, wanne zan manta?
Katsina ba ta da faɗin da za a ɓuya wa juna,
gobe kafaɗata na iya haɗuwa da tasa a sahu.
Zo mu zauna, zo mu saɓa.
Na ba shi hannu biyu.

A bakin get na biya mai shayi bashin sati uku.
Baba Mati mai gadi ya damƙa mini goro,
ya ce, "Wa zai riƙa tambayar ƙafata?"
Wannan ce kaɗai ta kusa karya ni.

Na shigo ta Ƙofar Guga ana kiran la'asar,
babur na tari, ban san abincin watan gobe ba.
A zaure na tsaya ina lalube,
hannuna na dukan aljihun dama,
yana neman nauyin da ya saba.
Lauratu ta leƙo: "Me ka yar?"
Na ce, "Ba komai. Ajiyewa na yi."