Kunnen da Muke Wasawa

Ƙarfe uku na dare a East Lansing.
Ƙanƙara ta ɗinke bakin kogin Red Cedar,
motar share hanya ta wuce sau biyu tana tari.
Ni ina ciki, da safar roba a hannu,
ina shayar da wani dutse sanyi.

Jamaniyam sunansa.
Bai fi dunƙulen hannu ba,
amma ya fi gidan da nake haya tsada.
Ba ya ji sai sanyi ya kashe masa jiki;
ɗumi kaɗan, ya hau surutu shi kaɗai
kamar mai zazzaɓi,
ya rantse ya ga abin da bai zo ba.

Wata bakwai muna farautar wata ƙara.
Wendell, mai shekara talatin a ginin nan,
ya ɗora wa wayoyi laifi, muka canza.
Na ce dalma ce ta saki, muka sake liƙi.
Ashe firjin ɗakin shayi ne,
can bayan bango,
yake sa mana baki a zancen taurari.

Kakana Ɗan'azumi maƙeri ne a Gumel.
Ni ke ja masa zuga-zugi in an tashi makaranta.
Da yana raye da na gaya masa:
Kaka, tauraro ma maƙera ce,
tana hura wuta shekara dubu sau dubu,
amma a kan ƙarfe gawayinta ke ƙarewa.
Abin da ya fi ƙarfe nauyi, zinariya da danginta,
yawancinsa sai an yi ɓarin makauniya,
sai gawar tauraro ta yi karo da 'yar'uwarta,
cikin ƙiftawar ido a ƙera abin da wuta ta kasa.
Da ya ce: wa ya gani?

To, shi ne aikin.
Ba wanda ya gani.
Muna ƙera ƙwayar da ba ta kai numfashi guda a duniya,
ta mutu a gaban dutsen nan,
ta bar wasiyya da wani haske, gama sunansa,
mu kuma ba mu gama jin sa ba.
Inna kan rairaye gero har tsakuwa ta fita;
ni ma rariya nake saƙawa,
kullum ina rage mata ido.

Yau muka cire firjin daga wuta.
Madarar kowa ta lalace.
Muka zauna muna kallon allo,
ɗigo na hawa kan ɗigo kamar tururuwa na gini.
Tudun nan guda da muka sani tun bara,
mai faɗin kai kamar jibga,
wajen asuba sai ya tsage.
Biyu ne.
Dama can biyu ne, kunnenmu ne bai kai ba.

Wendell ya cire tabarau ya goge a riga.
Bai ce komai ba. Ya miƙo min rabin biskit.

An ce kunne ya girmi kaka.
Wannan ya girmi ƙasar da aka binne kakan.

Na fito. Gajimare ya rufe sama ruf,
ko Zara ba ta leƙo ba.
Ina kankare gilashin mota da katin banki
sai ɗan kunnen da Inna ta bar min
ya ɗauki sanyi, ya cije ni.