Kukan Kwana

Da bisimilla na ɗaga murfin inji,
Yadda nake wa kwanon tuwo tun fari.

Kifin Lagdo nake kaiwa Garwa,
Kwando tara, ƙanƙara na ɗiga,
Ƙarni kan riga ni shiga gari.

Motar ba ta magana a miƙaƙƙiyar hanya.
Sai na sauko gadar Binuwai na karya kwana,
Ta ja nishi daga ƙasan cikinta
Kamar saniyar da aka raba da maraƙi,
Har tafina ya ji shi a sitiyari.

Kwana uku ina ƙara wa rediyo murya.
Ran na huɗu Dudu mai kifin ta ce,
"Ko a duba ta, ko in sake direba,
Ba na aza jarina a bakin hatsari."

Garejin Hamajoda na Rumde Ajiya,
Gindin darbejiya, ƙasa ta ƙoshi da baƙin mai.
Kunnensa na dama ya daɗe da mutuwa,
Da na hagu yake ci, da shi ya yi gini,
Da shi yake jin ƙarfe in ya yi sirri.

Bai taɓa sufana ba. Ya ce, "Tayar.
Murɗa dama. Kai ƙarshe. Dawo, ban da sauri.

Kuka iri-iri ne, kowa da gidansu.
In tsuwa ce irin ta ɓera a rumbu,
To kurwa ce ta saki." Gabana ya faɗi.
Sali yaronsa ya tuntsire, ya nuna bel:
Sunan da Faransanci ya bar masa ke nan a gari.

"In ƙwas-ƙwas ne kan gargada, ƙafa ce.
Wannan kuwa nishi ne, na mai ƙishirwa."
Ya danna bel da babban yatsa, yana nan da tauri.

Ya kafa sukundireba a jikin famfo,
Ya ɗora ƙotar a kunnen, ya lumshe ido.
Ni kuwa lissafi nake a zuci:
Sabon famfo sefa dubu arba'in,
Ragon da nake kiwo ya tafi ke nan,
Ban ma ji an kira la'asar ba don nazari.

Ya kwance murfin tulun mai, ya leƙa.
Man da na sani ja wur kamar zoɓo
Ya yi ƙasa, ya yi kumfa fari.

"Famfonka lafiya. Iska yake sha."
Ya bi tiyo da yatsa, sannu, sannu,
Har ya tsaya gab da wuyan kilif:
Tsaga ce 'yar mitsitsiya, kamar faso a diddige,
Ita ta hana ni barci, ita ce duk labari.

Tiyo kamu ɗaya, kilif biyu, mai lita guda.
Sali ya sa jak, tayoyin gaba suka bar ƙasa,
Inji a kashe, ni a kujera,
Hagu, dama, hagu, har sau ashirin,
Kumfa na fita ɗai-ɗai kamar gyatsa,
Tsoho na zuba mai, yana jira, yana ƙari.

Da zan tafi ya dafa ƙofa:
"In ka kai ta ƙarshe kar ka danne,
Ko jaki a kan sassauta masa ɗauri.
Kowa lafiyayye ne a miƙaƙƙiyar hanya,
A kwana ake jin wanda ke buƙatar agaji,
Sai dai masu kunne biyu sun fi ni sauri."

Na bi ta gada don in gwada ta.
Na karya kwana. Shiru. Sitiyari kamar man shanu.
Ragona ya tsira, Dudu ta bar ƙorafi,
Na sayi tsire na ɗari biyar da yaji da gishiri.

Da dare ina kwance, rediyo a ƙirji,
Ta bayan bango Inna ta juya a gado,
Ta ja nishin nan, wanda na sani,
Wata uku ke nan ina jin sa.
Yatsana ya kai kan maɓallin murya,
Sai na kashe. Na ɗauki fitila.
"Inna, ina ne ke ciwo? Nuna mini wuri."