Irin Bara

Tun asuba na saki ruwa a fangalin alkama,
na toshe baki da laka, na wanke ƙafa a kanal,
na hau keke zuwa rumfar Ilu mai cajin waya,
don yau Sabi'u zai buga.

Ƙanena ne.
Shi Baba ya ce fartanya ba ta zauna a hannunsa ba.
Yana yaro yakan sari reshen darbejiya mai gwiwa,
ya ɗora ƙwallon goruba a kan kunya,
ya kaɗa ta, ta haye rijiyar Tabawa,
awaki su watse, mu biyu mu sha zagi.

Ya tafi Kano ɗaukar jakar masu hali.
Shekara tara yana bin bayan mutane
da sanda goma sha huɗu a kafaɗa, ba ɗaya tasa.
Bara ya ci kofi.
Hotonsa na nan a ɗakin Inna, kusa da kwalla.

Ƙwallon lambu suke ce wa wasan.
Ni da nake cikin lambun, ban taɓa ganin ƙwallon ba.

Bana, in ji Ilu, da zakarun bara aka buɗe fage,
ba ɗan wane, ba alfarma,
sai wanda ya bar kofi a gida.
Na ce ai mun san wannan.
Haka Inna ke ware manyan zangarniya bayan girbi
ta rataye can ƙuryar rumbu,
ko bazara ta yi tsanani ba mai taɓawa.

Fuskar wayar a tsage take, mu bakwai a kanta.
Fili kore shar, kamar alkamata a kwana arba'in,
amma ba wanda zai auni ko tiya ɗaya a cikinsa.
Ni dai lissafi nake: inji nawa ke ba shi ruwa,
man nawa suke sha a mako?

Sai ga Inna da mayafi a karkace:
"Nawa ya ci?"
Ilu ya ce, "Iya, nan mai ƙarancin bugu shi ne gwani."
Ta ce, "Wane irin wasa ne ake murna da kaɗan?"
Ta yi shiru, ta gyara zama a kan benci,
can ta ce, "Ashe kamar magana ne."

A rami na sha shida ƙwallonsa ta faɗa yashi.
Mai bayani ya ja dogon numfashi,
mu kuwa dariya muka yi.
Yashi?
Yaron da ya yi rarrafe a gaɓar rafin Kadawa?
Ya kafa ƙafa kamar mai shirin ɗaukar buhu,
ya ɗebo ta da ƙasarta,
ta sauka, ta gangara, ta tsaya tana leƙen rami.

A na ƙarshe sun yi kunnen doki da wani dogo.
Sabi'u ya tsuguna yana karanta ciyawa
yadda Baba ke duba gangaren ruwa kafin ya ja kunya.
Ya miƙe. Ya taɓa ta a hankali.
Tana tafe, tana tafe, saura taki ɗaya,

sai sabis ya ɗauke.

Ilu ya ɗaga wayar sama, ya hau kan benci,
ƙwallon na nan daskare a bakin rami.
Rana ta take tsaka, ruwana zai karya kunya
ya shiga tumatir ɗin Barau, a yi rigima.
Na hau keke.

Iri ko na gwani ne, in lokaci ya yi
ƙasa ɗaya yake shiga da sauran,
kuma ƙasa ba ta tambayar abin da ka yi bara.

Ina durƙushe ina toshe bakin fangali,
laka har gwiwar hannu,
waya ta fara ruri a aljihuna.